Irin Kabewar Laraba

Duk wanda ya sha miyar taushe a ƙauyenmu na Unguwar Kanya, nan gefen Ɗansoshiya, ya ci arzikin Laraba, ko ya sani ko bai sani ba. Yaran yanzu kam ba su sani ba. Ka tambaye su wace ce Laraba, sai su nuna maka kabewa a kan danga. To ni Habiba mai daddawa na san ta tana tafiya da ƙafafunta, danga ɗaya ce ta raba gidana da nata, kuma kafin in bi ta inda ta tafi gara in faɗi yadda aka yi. Allah ya jiƙanta.

Daga ƙasar Doguwa aka kawo ta, amaryar Sale, ni a lokacin ina goyon fari. 'Yar siririya ce, baƙa, ba ta da yawan magana. Kayan ɗakinta ko jaki ɗaya ba su cika ba. Amma akwai wani ɗan gora da aka toshe bakinsa da tsumma, ta rataye shi a saman gadonta. Na ɗauka turare ne, har na ce ta ɗan sam mini. Ta yi dariya ta zazzago a tafin hannunta, sai ga 'ya'yan kabewa cikin toka.

"Na innata ne," in ji ta. "Ita ma na innarta ne. Shi kaɗai ta ce kada in bari ya mutu."

Kabewar ba irin tamu ba ce mai faɗin nan kamar an zauna mata. Doguwa ce mai wuya, bayanta kore da zanen fari, cikinta ja wur kamar manja. Ba ta sakin ruwa a miya. Ka ajiye ta ƙarƙashin gado tun kaka, har bazara tana nan garau. Damina ta farko Laraba ta shuka a gindin danga, ta haye rufin ɗaki, ta tsallako har gidana.

Allah bai ba su haihuwa ba. Ba zan tsaya lissafa saiwoyin da ta jiƙa da rubutun da ta sha ba, tukunya guda ba ta ɗauke su. Sale kuwa mutum ne mai sanyin hali, bai taɓa ɗaga mata murya a kan haka ba, da ya yi da na ji, don dangar nan ba ta riƙe sirri. Suka tsufa tare, shi yana gonarsa, ita tana lambunta na bayan gida, yakuwa, kuɓewa, barkono, da kabewar nan.

Kowace kaka sai ta aiki yara su rarraba kabewa gida-gida. Kowa ya karɓa, kowa ya sa albarka, kowa ya lashe kwano. Amma 'ya'yan sai a watsa wa kaji. Dalili kuwa, a garinmu akwai wata magana da ban san wanda ya ƙago ta ba, da na san shi da na zage shi har kabarinsa. Wai iri in ya fito daga hannun macen da ba ta haihu ba, yaɗo kawai zai yi ta yi, ya yi fure ya zubar. Ka ce musu, to ga tata can ta cika rufin ɗaki fa? Su ce ai wannan a gidanta ne, in ya fita ne abin yake juyewa. Liman Baffa ya sha faɗa musu a masallaci cewa camfi ne. Su ce gaskiya ne, Allah gafarta Malam, su koma gida su ci gaba da kiwata kaji.

Ni na shuka, don in rufe musu baki. Har ta fara yaɗo awakina suka tsinke igiya suka cinye ta ƙurmus. Na sake wata shekarar, suka sake. Sai gari ya ɗauka, kun gani ko, ko a gidan Habiba mai bakin tsiya bai yi ba. Na je gyara na ƙara ɓatawa. Laraba ta ce, "Bar shi, Habi, awakinki dai sun san daɗi." Ta yi dariya, amma na ga ta ɗaga kai ta kalli goran nan.

Shekara biyu bayan canjin kuɗi aka kawo mana malamin gona, wani saurayi Lawal, mai babur da yake tari kamar tsoho. Shi ya zo da labarin wai bayan kaka za a yi bikin nuna amfanin gona da sana'ar hannu a filin firamarenmu. Kowa ya kawo mafi kyawun abin da ya noma ko ya saƙa ko ya ƙera, manya su zo daga Kano su duba, a ba da kyauta. Mai unguwa ya sa aka yi shela. Kowa ya ce to.

Wannan "to" ɗin, da Lawal ya tambaye ni da na fassara masa ita. Mu nan tsoron baki muke kamar tsoron maciji. Mutum ya ga abinka ya yaba bai ce tubarkalla ba, ko ya yaba da ciwo a ransa, shi ke nan, abin ya lalace, ko mai abin ya kwanta. Mutumin da yake kai dami rumbu ta bayan gida don kada a gani, shi za ka ce ya baje mafi kyawun dawarsa a fili, a kira sunansa a lasifika? Amma kuma ba a ƙin umarnin mai unguwa. Sai kowa ya yi dabararsa shi kaɗai, yana ganin shi ne mai wayo, ashe dabarar duk iri ɗaya ce.

Ranar biki na ga abin da ban taɓa gani ba. Mudi, wanda duk ƙasar nan babu mai dawa irin tasa, ya kawo damin da tsuntsaye suka ci rabi. Idi maƙeri ya kawo wata fartanya da aka ba shi gyara. Albasa kamar aya, gyaɗa duk holoƙo ba ƙwaya a ciki, faifan da ɓera ya ɗanɗana. Baƙin da suka zo kallo daga Ƙofa da Bebeji suna ta toshe baki da hannun riga. Manyan Kano suka zaga sau ɗaya suka koma mota. Lawal ya zauna a kan baburinsa kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Na ce, "Ɗan nan, kada ka yi kuka a gaban mutane."

Ya ce, "Iya, na san abin da ya faru. Uwata ma in akuyarta ta haifi uku biyu take cewa. Amma ya zan yi? An ce baɗi in aka sake haka, an daina ke nan, ba nan ba har duk yankin."

Laraba ba ta je ba. A wannan kakar Sale ya rasu, tana cikin takaba. Da na dawo na tsaya ta kan danga ina ba ta labari, ina kwaikwayon tafiyar Mudi da daminsa, don in ga ko za ta yi murmushi. Ba ta yi ba. Sai tambaya ta jefo mini.

"Baƙi sun zo?"

"Sun zo mana. Har daga Tudun Wada."

"Manoma?"

"Manoma. Duk abin da suka ɗaga sai su ce ina aka samo irin. Ko da yake babu abin ɗagawar."

Can ta ce, "Habi, su ba su san ni ba."

Nan na gane. A kasuwa mai saye yanki yake so na miyar dare, ba ruwansa da iri. Amma wurin bikin nan iri ake zuwa nema, kuma masu neman ba su san ko ta haihu ko ba ta haihu ba. Ga shi mijin ya tafi, ƙarfi yana tafiya, in ta faɗi ba mai shuka mata. Abin da innarta ta ce kada ta bari ya mutu yana rataye a gora, shi da ita kwanansu ɗaya.

Da kaka ta zagayo, matar nan da ba ta shiga gidan kowa sai barka ko gaisuwar mutuwa, ta ɗauki mayafi ta ce in raka ta. Na ce ina? Ta ce ko'ina. Ita ke roƙo, ni ke zagi, haka muka raba aikin.

Gidan Mudi muka fara. Taubashin Sale ne, akwai wasa tsakaninsa da ita. Muka tarar da shi a zaure yana gyaran mangala.

"A'a, Ta-Doguwa! Yau an tuna da mu? Ko zawarci aka zo?"

"Wa zai auri mai dawar tsuntsaye?" in ji ni.

Laraba ta ce, "Malam Mudi, dawar nan taka kaura ta gonar fadama nake so ka kai biki."

"Wace kaura? Bana ai ban samu komai ba."

"Rumbu nawa ka cika?" na ce. "Ko iska kake zubawa?"

Ya daina dariya. Ya ce shi yana da iyali, yana da shanun noma, ba zai kai kansa inda idon duniya zai tsaya a kansa ba. Bara ƙanensa ya sayi keke, mutane suka yi ta yabawa, sati bai cika ba ya karye a ƙafa.

Sai Laraba ta ce, a hankali kamar mai tambayar kuɗin gishiri, "To ba ni. In sa a tabarmata, in an tambaya in ce a wuyana yake. Bakin in ya zo ni zai tarar. Me zai ci a wurina? Ba ɗa, ba jika, ba saniya. Mijin ma an riga an ɗauka."

Ni kaina ban san da wannan maganar ta fito ba. Mudi ya ajiye mangalarsa. Sannan ya ce, "Ki aiko a ɗauka. Amma ta bayan gida."

Haka muka bi gari. Halima matar Idi maƙeri tana cikin kulle, tana saƙa faifai mai launi da ko a birni ban ga irinsa ba. Ita bayan tsoron baki har da kunya, wai a kira sunanta a lasifika maza suna ji, ta ina za ta kalli surukarta? Laraba ta ce ba mai kiran sunanta. Halima ta zaro faifai daga ƙasan adaka, ta cusa mata cikin mayafi kamar kayan sata, tana cewa, "Gwaggo, don Allah ki yi ta karanta Falaƙi da Nasi." Idi da ya ji, shi ma ya ba da sabuwar fartanya. Masu huluna suka ba da, mai tukwane ta ba da. Abin da ya ba ni haushi, ba wanda ya ce a'a Gwaggo, ba ma ɗora miki. Kowa ya ga rahusa.

Mutum ɗaya ce ta ƙi. Barakatu, wata Bafulatana a rugar da ke bayan rafi, mai sassaƙa ƙwarya da zane kamar an rubuta. Da Laraba ta gama bayani, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai, Haɓe! Mu kullum ƙorenmu a jere suke a fili, kowa na gani, ga mu ba mu ƙare ba. Zan zo, amma ni zan zauna a bayan kayana. Ke kuma, Inna, wa ya ce miki wuyanki ya fi na kowa ƙwari?"

Ta cika mana ƙwarya da kindirmo muka dawo.

Ranar biki tun da hantsi filin ya cika. An aro tabarmi an shimfiɗa ƙarƙashin dalbejiya, an jona su sun yi tsawo kamar sahun Idi, duk a gaban tsohuwa ɗaya. Dawa, gero, gyaɗa, tattasai, rake, albasa manya kamar dunƙulen hannu, faifai, huluna, tukwane, fartanya. Laraba tana zaune a tsakiya, kabewarta uku a gefen ƙafarta, da ƙwaryar iri a rufe da faifai. Masu kayan kuwa suna tsaitsaye nesa, kowa ya harɗe hannu yana kallon sama kamar bai taɓa ganin dawa ba. Ni daddawata da sunana na kai. Wanda ya isa ya yi mata baki, warinta ma ya ishe shi.

Babban mai dubawa wani Alhaji ne mai tabarau da furfura. Ya tsaya a kan tabarmar ya duba gabas ya duba yamma.

"Iya, duk wannan ke kika noma?"

"A wuyana suke, ranka ya daɗe."

"Har fartanyar ke kika ƙera?"

"Ita ma a wuyana take."

Baƙi suka fashe da dariya. Lawal ya matsa ya raɗa masa magana a kunne. Alhajin ya gyaɗa kai. Ya ɗaga zangarniyar kaura ɗaya, ya jinjina ta, ya ce da ƙarfi, "Tubarkalla, masha Allah!" Sannan ya karɓi lasifika.

"Dawa, ta ɗaya, Malama Laraba. Duk inda na zaga bana ban ga mai noman dawa kamar tsohuwar nan ba. Mazan garin nan su zo ta koya musu. Ta matso ta karɓi buhun taki."

Ina kallon Mudi. Ya cire hula ya mayar. Wani mutumin Ƙofa a kusa da shi ya ce, "Ashe mazan garin nan barci suke." Ai kuwa sai muka ji an kurma ihu.

"Tawa ce! Wallahi tawa ce! Gonar fadama, kowa ya sani! Matar da ko garma ba ta iya ɗagawa!"

Ya kutsa ya rungumi daminsa kamar za a ƙwace. Alhajin ya ce, "Au, ashe tana da mai ita? To tsaya a bayanta mu gan ka." Daga nan abin ya ɓalle. Aka kira gyaɗa, mai ita ya yi tsalle tun ba a rufe baki ba. Aka ɗaga faifan Halima, Idi ya yi gyaran murya ya ce, "Na iyalina ne," aka miƙa masa turmin atamfa, ba wanda ya kira sunan kowa. Kafin azahar kowa ya janye kayansa ya tsaya a kai yana washe baki, har da masu jayayya wai an zalunce su. Tabarmin nan suka koma wayam. Saura Laraba da kabewarta.

Ba ita ta zo ta ɗaya ba, kada in yi ƙarya. Wani mai noman rani daga Ƙofa ya kawo wata ƙatuwa kamar turmi, shi aka ba. Ita ta biyu, aka ba ta bokiti. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ɗauki wuƙa ta tsaga kabewa ɗaya, jan nan ya bayyana, baƙi suka yo kanta. Ta buɗe ƙwaryar iri.

"Kyauta ne," take cewa. "Kowa ya ɗiba. Na innata ne."

Wani dattijo daga Tudun Wada ya tsuguna ya miƙa hannu. Sai Zuwaira, wata maƙwabciyarmu da take ganin duk abin da ta sani amana ce sai ta isar, ta sunkuya ta ce masa, "Baba, ba don komai ba, amma ba ta taɓa haihuwa ba fa." Ba da ƙarfi ta faɗa ba. Laraba dai ta ji. Dattijon ya tsaya da hannu a miƙe, ya ce, "To, bari in zaga in dawo." Bai dawo ba. Maganar ta bi fili kamar an sa mata ƙafa, mutane suka riƙa yabon kabewar suna wucewa.

Abin da na faɗa wa Zuwaira a wurin ba zai maimaitu ba, akwai sunan kakanninta a ciki. Amma zagi ba ya shuka kabewa. Barakatu ce kaɗai ta taso daga bayan ƙorenta, ta shimfiɗa gefen zanenta ta ce, "Zuba nan, Inna. In muka tashi kuma duk inda muka sauka zan sa." Aka tashi biki kowa yana murna, Lawal har da rawa, an ce baɗi ma za a yi. Laraba ta sa ƙwaryarta cikin sabon bokiti, kusan yadda ta zo da ita, muka taho gida.

Bayan kwana kaɗan sai ta kwanta ciwo. Zazzaɓi da tari, numfashi da ƙyar. Lawal ya ɗauko malamin asibiti a babur, ya ce sanyi ne ya shiga haƙarƙarinta, ga gajiya, ga tsufa, ya yi mata allura. Ni na yarda da shi, don na ga yawon da ta sha da sassafe cikin raɓa. Amma gari bai yarda ba. Gari ya ce baki ne. Bakin da ya kamata ya faɗa wa dawar Mudi da faifan Halima da gyaɗar wane, ga shi ya tarar da wadda ta ce a wuyanta suke. Na ji ana faɗa, kuma ban gyara wa kowa ba. Shekara nawa camfinsu yana cutarta, na ce bari yau ɗaya ya yi mata aiki.

Gidan da da sai ni da kaji, sai ga shi ba wurin ajiye takalmi. Wannan ta kawo kunu, wancan ya kawo itace. Halima ta roƙi Idi ya bar ta ta fito, ta zo ta wanke mata kaya tana kuka. Laraba tana ta ce musu sanyi ne, suna cewa haka ne Gwaggo, suna share hawaye.

Ran da ta fara iya zama, da la'asar, Mudi ya yi sallama. Ya tsuguna a bakin ƙofar ɗaki, bai yi wasan da ya saba ba.

"Ta-Doguwa, dawata ce ta kwantar da ke."

"Sanyi ne, Malam Mudi."

"Na kawo miki rabin takin."

"In zuba a ina? A gado?"

"To me zan yi miki? Faɗi ko mene ne."

"Ba komai. Ka gaida gida."

Haka take, sai ta mutu ba ta roƙa wa kanta ba. Na tashi na ɗauko ƙwaryar irin nan na dangwarar a gabansa har toka ta tashi.

"Ga abin da za ka yi. Ita ta ɗauki tsoronku duka a wuyanta, ku ba mai iya ɗaukar 'ya'yan kabewa a aljihu? Kuna tsammani don buhun takinka ta bi gari da tsufanta?"

Ya kalli ƙwaryar, ya kalli Laraba. Ina ganin sai a lokacin ya gane. Ya kai hannu zai ɗiba da kansa, don in ya ɗiba da kansa ai ba daga hannunta ya fito ba, har na ga dabarar a fuskarsa. Sai ya fasa. Ya cire hularsa ya tara.

"A'a. Ke zuba mini."

Ta jawo ƙwaryar gabanta. Sannan ta cika tafinta ta zuba, rabi a hula rabi a ƙasa don rashin ƙarfi. Ƙaton mutumin nan ya bi ƙasa yana tsince su ɗaya-ɗaya.

"In ta yi yaɗo ba 'ya'ya," in ji shi, "awakin Habiba sa samu abinci."

Tunda Mudi ya karɓa, sauran suka biyo. Kowa ya zo dubiya ya tara hannu. Zuwaira ce ta ƙarshe, ta zo tana rakuɓe-rakuɓe, ni na so in kore ta, Laraba ta ce in matsa. Ta cika mata hannu biyu.

Damina ta sauka aka shuka a gindin kowace danga. Ta fito, ta yi yaɗo, ta yi fure. Sai furen ya fara zuba. Ranar nan gari ya rikice, ga mata a ƙofar Laraba, Gwaggo ga shi fa ya fara zubarwa. Ta fito da sandarta ta je gidan Idi, ta ɗaga ganye ta nuna musu.

"Waɗannan na farko maza ne, dole su zube. Ku jira mai ɗan ƙulli a gindi."

Kowace shekara haka tasu kabewar take yi a gabansu, ba su taɓa tsorata ba sai da aka ce daga hannun Laraba ta fito. Ba a yi sati biyu ba masu ƙullin suka bayyana.

Wata safiya cikin kaka ina shanya kalwa, na hango Mudi ta kan danga ya shigo gidanta, rungume da kabewa a ƙirji, ya lulluɓe ta da gefen rigarsa. Ya ɗora mata a cinya. Doguwa mai wuya, kore da zanen fari.

"Ta farko ke nan. Saura suna can sun hana ni hanyar rumbu."

Laraba ta shafa ta tun daga wuya har ƙasa. Ta ƙwanƙwasa da yatsa ta kara kunne.

"Ka yi gaggawar cirewa," in ji ta. "Da ka bar ta ta ƙara kwana."

"Ke dai ba a iya miki."

Ba ta bari an yanka wannan ba. Ƙarƙashin gadonta ta kwana har bazara.

Bikin da ya biyo, kowa ya zauna a bayan kayansa, da sunansa. An dai rataya wa wasu dammai laya, ba a rabu da hali duka ba. Layin kabewa ya fi kowane tsawo, kuma da Alhajin ya tambayi sunan irin, Idi ne ya ce, "'Yar Laraba." Sunan ya zauna. Baƙi suka ɗiba daga hannun wanda suka ga dama, ba wanda ya ƙara tambayar komai. Bayan wasu shekaru wani ɗan tireda ya ce ya gan ta a kasuwar Tudun Wada, wata Bafulatana ta kasa, na ce wannan aikin Barakatu ne.

Laraba ta ƙara shekara takwas ko tara. Ba ta ƙara ɗebo ruwa da kanta ba, ba ta ƙara kwana da yunwa ba, in ma ta taɓa yi ba ta faɗa mini. Ta rasu cikin kaka, kabewa tana kan kowane rufi. Ranar sadakar uku ba wanda aka aika, amma kowane gida taushe aka yi aka kawo, har muka rasa kwanon juyewa.

Da aka zo raba 'yan kayanta, dangin Sale suka ce in ɗauki abin da nake so. Na ɗauki goran. Yana nan rataye a saman gadona. Na taɓa zazzage shi in gani, ba komai a ciki sai toka.